Haruffa Uku a Saman Allo

Akwai wata dattijuwa a nan garin Morecambe na Ingila, Maureen Thwaite, mai gidan wasan injuna a bakin teku. Na sha fakewa daga ruwan sama a wurinta, don haka abin da zan ba ku a kan idona aka yi shi.

Can lungu akwai wani tsohon inji tun na shekarun 1980, irin wanda ake tsayawa a gabansa a jefa ƙwandala. Mahara na saukowa layi-layi, kai kana ƙasa da 'yar bindiga kana harbi. Suna ɗaya kawai yake riƙewa, na wanda ya fi kowa maki, shi ma haruffa uku. A saman allonsa akwai CLT 412,650. Clive ke nan, marigayi mijin Maureen.

Matsalar injin, da wuta ta ɗauke ya manta komai. Shekara goma sha ɗaya Maureen ba ta bari injin ya mutu ba, har batirin ko-ta-kwana ta saya masa. Kullum da safe sai ta goge gilashin ta ce, "Ina kwana, maigida."

Wata Asabar sai ga Gavin Ormerod daga Leeds, magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai. Gari-gari yake bi yana ture sunayen mutane a injuna yana sa nasa. Saurin yatsa kam, a faɗi gaskiya, Allah ya ba shi. Girman kai kuma ya ninka.

"Iya, wane ne wannan CLT ɗin?" in ji shi. "Ki ce masa yau zai tashi."

"Ya riga ya tashi, ɗan nan," in ji Maureen. "Amma bismilla. In kana so ka kai shi, rage harbi. Ka riƙa ƙirgawa. Jan jirgin nan da ke giftawa ta sama, maki hamsin yake bayarwa, amma in harbi na ashirin da ɗaya ya same shi, dubu ne."

Gavin ya kwashe da dariya. "Tsohuwa, je ki ɗora shayi. Wannan ba saƙar suwaita ba ce."

Ya yi ta ruwan harsashi. Dubu casa'in, ya mutu a wasan. Ya sake, dubu ɗari da goma. Azahar ta yi, kifi da dankalinsa sun huce a takarda, mutane sun taru suna ƙumshe dariya. A karo na tara sai zuciya ta ɗebe shi, ya kai wa injin hauri.

Injin ya gusa. Wayar bayansa da ke haɗa shi da batirin ta fizge. Allo ya yi baƙi.

Wallahi har kukan tsuntsayen teku muna ji daga waje. Maureen ta durƙusa da kyar ta mayar da wayar. Allo ya kawo, amma a sama babu komai sai sifili.

Gavin ya soma in'ina. "Iya, ban... zan biya..."

"Me za ka biya?" Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta miƙa masa kofinta. "Riƙe min shayina."

Ta naɗe hannun riga, ta gyara tabarau, ta jefa ƙwandala.

Ba mu taɓa ganin ta taɓa injin nan ba sai da tsumma. Sai ga shi harsashinta ɗaya ba ya faɗuwa banza. Leɓenta na motsi: sha tara, ashirin. Sai ta dakata. Mahara na ta matsowa, ita kuwa ko gezau. Jan jirgi na leƙowa, tau! Dubu.

Haka ta yi ta yi. Dubu ɗari. Dubu ɗari biyu. Mai sayar da kifi ya rufe shagonsa ya shigo. Da wasan ya yi saurin da ido ba ya iya bi, sai muka lura ba allon take kallo sosai ba, sautin takun maharan take saurare. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake.

"Ina kika koya?" Gavin ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Shekara ashirin ina tsaye a inda kake," in ji ta, ba ta waiwayo ba. "Clive bai iya ƙirga da harbi lokaci guda ba. Ni nake ƙirga masa."

Bayan awa huɗu ta haura dubu ɗari huɗu, da rayukan wasa uku a ajiye. Sai ta bar farautar jan jirgi, ta koma tsintar ƙananan mahara ɗaya-ɗaya, tana lissafi.

412,630. 412,640. 412,650.

Ta ɗauke hannuwanta.

"Ci gaba mana!" Gavin ya yi ihu. "Za ki kai rabin miliyan! Babu mai kamo ki har abada!"

Ta rungume hannu tana kallo, mahara suka cinye rayukan nan uku. Injin ya nemi suna. Ta danna C, ta danna L, ta danna T.

"Ba wuce shi na zo yi ba," in ji ta. "Dawo da shi gida na yi."

Ta goge gilashin da gefen rigarta. "Sannu da zuwa, maigida."

Gavin ya daɗe tsaye da kofin da ya yi sanyi a hannunsa. Can ya ciro ƙwandala ya ajiye a bakin injin, yadda mai jiran layi ke yi. "Mama, za ki koya min?"

"Fara ɗora sabon shayi," in ji Maureen. "Sannan mu ga ko ka iya ƙirga zuwa ashirin da ɗaya."

Darasi: Kada ka raina mai tsayuwa shiru a gefe, wataƙila shi ya fi kowa sanin abin da kake taƙama da shi. Kuma cikakken gwani shi ne wanda ya san inda zai ɗauke hannunsa saboda wani. Ku tura wa duk wanda ya taɓa ƙirga muku alhali sunanku ne ya hau allo.