Barewa da Tsagar Kuka

An yi wani daji da ake kira Dajin Marke, rabinsa tudu ne, rabinsa fadama. Masu ƙarfi suna kiwo a tudu, tsofaffi da masu jego kuwa suna zaune a fadama, kusa da kogi. Babu abin da dabbobin nan suke tsoro kamar wutar da mafarauta ke cinna wa ciyawa da rani, domin iska kan koro ta daga tudu ta gangaro fadama. Shi ya sa suke naɗa jakada, wanda aikinsa ɗaya ne tak. Da an hango hayaƙi, ya sheƙa ya gaya wa na fadama su haye kogi.

Yadda ake zaɓen jakadan abin mamaki ne. Akwai wata tsohuwar kuka a tudu wadda ta tsage biyu, ta bar 'yar ƙaramar kafa a tsakiya. Duk wanda ya ratsa kafar nan jikinsa bai taɓa ɓawo ba, shi ne mai ƙoshin lafiya, shi ne jakada. Haka suka tarar, haka suke yi.

Barewa ce ke riƙe da sarautar, kuma tana ji da ita ƙwarai. Siririya ce, doguwar wuya, cikinta a lafe. Tsoronta ɗaya a duniya shi ne ta yi ƙiba. Sai ta rage cin abinci, ba ta taɓa komai sai kan ciyawa. Gudu ma ta daina, don ta lura yana sa cinya kauri, yana kuma jawo yunwa. Wuni take kwance a inuwa tana lashe ƙafafunta. Da yake an daɗe wuta ba ta tashi ba, babu wanda ya ga aibin haka. Mahaifiyarta tsohuwa, mai ɗingishi, tana can fadama tana yi wa maƙwabta alfahari da ita.

Akwai kuma Gyado, aladen daji, gajere, mai tumbi da ƙaton wuya. Kullum da sassafe yakan ɗaga wutsiya sama ya yi sassarfa har fadama, ya tono saiwoyi, ya dawo kafin rana ta take. Ba don wani buri yake yi ba, saiwar can ce ta fi masa daɗi.

Ranar zaɓe, Barewa ta ratsa kafar kuka sumul, aka ɗauki guɗa. Gyado ma ya ce bari ya gwada. Kai ya shiga, kafaɗa ta shiga, tumbi ya ce bai san zancen ba. Sai da aka kama wutsiyarsa aka ja kafin ya fito.

Barewa ta yi dariya har da hawaye. "Haba Malam Gyado! Wa ya aike ka? Da wannan randar a cikinka za ka yi gudu?"

"Ranki ya daɗe, randar nan kullum tana zuwa fadama ta dawo. Ke yaushe rabonki da can?"

"Ina ruwanka? Dube ni, ka dubi kanka. Lafiya ai a ido ake ganinta."

"To, Allah ya sa wuta ma ta san da haka."

"Kai, rufe mana baki, mai wuya kamar turmi!"

Tsoho Kunkuru, wanda ya girme kowa a wurin, ya miƙo kai a hankali ya ce, "Jama'a, lokacin da nake yaro, ba a nan ake fara..." Amma kiɗa ya riga ya tashi, babu wanda ya saurare shi. Barewa ta ji shi sarai, ta kau da kai.

Ba a yi nisa da shiga rani ba, wata rana da tsakar rana, aka hango baƙin hayaƙi ya turnuƙe gabas, iska kuma ta juyo. Aka yi ta ihu, "Jakadiya! Ina jakadiya?"

Barewa ta zabura. Tashin farko ya yi kyau, duk wanda ya gani sai da ya yaba. Amma ba ta kai ga tsamiyar farko ba ta ji ƙirjinta ya ɗauki zafi. Numfashi ya fara sarƙewa. Ƙafafun nan da take lashewa kullum suka hau rawa. Ta cije ta ƙara, idonta ya fara ganin duhu-duhu. Tana zuwa gindin wani suri ta zube.

Ta yunƙura, jiki ya ƙi. A bayanta tana jin ƙarar busasshiyar ciyawa tana ci, a gabanta fadama tana da nisa. Ta tuna mahaifiyarta, wadda ko tashi tsaye sai ta yi dabara, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Sai ga Gyado da sassarfarsa ta kullum, wutsiya a sama. Ya ja birki.

"Ranki ya daɗe, lafiya? Kin kai saƙon?"

Kunya ta rufe ta. "Hutawa kawai nake yi. Yanzu zan tashi. Wuce abinka."

Ya tsaya yana dubanta. Ta sake yunƙurawa, ta sake faɗuwa. Ta sake, ta faɗi. Lokaci yana ta tafiya, toka ta fara sauka a kansu. Daga ƙarshe ta fashe da kuka.

"Ba zan iya ba, Malam Gyado. Don Allah ka je. Innata tana can."

Ya tura ta da hanci cikin wani tsohon raminsa da ke gindin surin, ya toshe bakin da ƙasa, ya bar mata 'yar kafar shan iska. Sannan ta ji takunsa ya yi gaba, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa.

Wuta ta bi ta kan ramin tana ruri. Barewa tana ciki, tana shaƙar hayaƙi, ba ta san ko uwarta na raye ba. Tana ta lissafin lokacin da ta ɓata tana cewa hutawa take yi.

Da ƙasa ta huce, ta fito ta ja jiki zuwa fadama. Ko'ina baƙi ƙirin. A hayin kogi ta hango dabbobi a tare, Gyado yana kwance cikin laka yana haki, gashin bayansa duk ya babbake. Ashe ya isa wuta na bin sawunsa, ya yi shela, aka ruga, shi kuma ya tsaya ya riƙa tura mahaifiyar Barewa da kai har ta faɗa ruwa. Ta tsira, amma wutar ta lashi ƙafarta mai lafiyar. Daga ranar ba ta ƙara takawa ba.

Barewa ta durƙusa a gabanta. "Inna, ki yafe mini."

Tsohuwar ta shafa kanta. "Na yafe, 'yar nan. Tun da na ga hayaƙi ake cewa in tashi, na ce a'a, ba a kawo saƙo ba. Na ce 'yata ce jakadiya, yanzu za ku gan ta. Ina ta duban hanya."

Barewa ta sunkuyar da kai.

A nan ne aka saurari Kunkuru. Ya ce, "A da, daga bakin kogin nan ake tasowa da gudu har tudu. Wanda ya fara isa kuka shi ne jakada. Ratsa kafar nan wasa ne kawai na murna, kuma a lokacin tana da faɗi, kukar ce ta yi ta ƙiba tana matse ta. Gudu ya yi wa jama'a wuya, suka yar da shi, suka riƙe wasan."

Aka mayar da tsohuwar al'ada, aka naɗa Gyado.

Barewa kuwa, da yake uwarta ba ta iya kiwo, dole kullum ta haura tudu ta ɗebo mata ɗanyar ciyawa ta gangaro. Da farko tana hutawa a kowace inuwa. Yunwa ta riƙa kama ta, ta riƙa ci sosai. Cinyoyinta suka cika, ƙirjinta ya buɗe, har ta kai tana jerawa da Gyado suna gardama a hanya ba ta haki.

Da shekara ta zagayo aka yi tsere daga kogi, ita ta fara isa, Gyado na biye. Don raha aka ce ta ratsa kafar. Kai ya shiga, kafaɗa ta cije.

Gyado ya kwashe da dariya. "Ranki ya daɗe, a kama wutsiya a ja?"

Ta ja da baya da kanta, ta yi murmushi kaɗan, ta ƙi jiran kiɗa. Ta ɗauki damin ciyawarta ta gangara fadama, inda tsohuwar ke kwance tana duban hanya.

Darasin wannan labari shi ne, ido ba ya auna ƙarfin jiki. Akwai siriri da ba ya iya hawa tudu, akwai mai jiki da zai wuni yana tafiya, haka kuma akan sami akasin haka. Abin da jiki ya saba yi kullum, shi zai iya yi ranar da ake bukatarsa. Wanda ya bar motsa jiki da cin abin da ya dace don neman siffa kawai, ranar wuya ba shi kaɗai zai sha wahalar ba, har da waɗanda suka dogara da shi.