Shuni a Ƙarƙashin Siminti

Ku gyara zama, ku bar surutu. Abin da za ku ji a Unguwar Karofi ya faru, kuma har yau ba a yi wa wadda abin ya shafa adalci ba. Wanda ya san zai tashi a tsakiyar magana ya tashi tun yanzu, don akwai tambaya a ƙarshe, kuma ba za a watse ba sai an amsa ta.

Akwai wata mata mai suna Tasalla, mai toya waina a ƙofar lambun unguwa. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa guda, wanda ake kira Cindo saboda an haife shi da yatsa na shida a hannun dama. Ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta ba da labarinsa sai ta ce "yaron nan". Tana da 'yan'uwa maza uku: Jatau babbansu, tela ne, Tanimu magini ne, sai autansu Korau, mai gyaran babur. Kakansu marini ne, ana ce masa Mai Shida, don shi ma haka hannunsa yake. Lambun nan kuwa da ake shan iska a cikinsa, a kan tsohuwar marinar su kakan yake zaune.

Marinan unguwar suna da al'ada. In za a daina aiki da rijiyar rini, mai ita ne zai tsame zane na ƙarshe, ya tsuguna a bakinta ya sallame ta kamar yadda ake sallamar abokin aiki. Daga nan sai a jera azara, a shimfiɗa tabarma, a rufe da ƙasa. Duk rijiyoyin wurin an sallame su, ban da guda. Mai Shida ya tsoma zane da safe, kafin azahar ajali ya same shi a gida. 'Ya'yansa sun riga sun bar sana'ar, sai aka rufe rijiyarsa da zanen a ciki, ba wanda ya ce mata komai. Shekaru suka shuɗe, aka dasa itatuwa, aka sa kujeru, wurin ya zama lambu.

Ana nan sai samarin unguwa suka kamu da wasan takalmin taya. Ba su da fili, sai titi. Su kama bayan adaidaita, ya ja su cikin motoci, suna sheƙa gudu. Cindo ya fi kowa iyawa, kawunsa Korau ne ma ya koya masa. Ranar da tifa ta take abokin Cindo a gaban idonsa, Tasalla ta kasa cin abinci. Bayan makoki kwamitin unguwa ya kawo shawara: a haƙa wani sashe na lambun, a zuba siminti mai zurfi kamar ƙwarya, yara su riƙa wasansu a ciki.

Unguwa ta rabu. Wasu suka ce za a kori tsofaffi daga inuwarsu, wasu suka ce 'yan iska za su taru, wasu suka ce gara ƙarar taya da kukan makoki. Aka kira taro a gindin dogonyaro. Korau ya yi magana da yawun samari har muryarsa ta dishe. Tanimu ya ce shi zai yi ginin, kuma zai yi shi da kyau. Da aka zo kan Jatau, sai ya ce bai yarda ba. Aka tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai.

Wani daga baya ya ce, "Malam tela, ko tsoro kake yara su daina yaga wando a titi, ka rasa ɗinki?"

Aka yi dariya. Jatau ya san dalilinsa sarai, rijiyar kakansu ce da ba a sallama ba, amma mutum ne na sahun gaba a masallaci, yana gudun a ce jikan marina ya zo da camfi. Ya koma ya zauna. Kwamitin kuwa, a unguwar da sunanta ma marina yake nufi, bai ga ya dace ya tambayi tsohuwa ko guda abin da ke ƙarƙashin ƙasar ba. Ku riƙe wannan. Da aka ce a ɗaga hannu, Tasalla ta ɗaga nata da man waina a jiki, don ta fi son ta riƙa ganin yaron daga inda take toya.

Lokacin gini, Tanimu ya lura duk ruwan da aka zuba a gindin ramin sai ƙasa ta shanye shi nan take, har da ƙara irin ta haɗiya. Ya yi murna, ya ce Allah ya ba su magudana kyauta. Ya dasa bututu a wurin, ya zuba siminti. Bai tambayi inda ruwan ke tafiya ba.

Aka buɗe filin da kiɗa, shugaban kwamiti ya sa aka liƙa sunansa a ƙofa. Ba a daɗe ba shuni ya fara tsattsafowa ta cikin simintin. A wanke da yamma, da safe ya dawo. In rana ta take, wani wari mai tsami yakan taso, wanda tsofaffi kaɗai suka gane, suka daina zama a kujerun kusa. Tasalla kuma ta lura da abin da ya fi wannan. In sauran yara suna wasa, ƙarar taya kawai ake ji. In Cindo ya shiga, sai wata ƙara ta amsa daga ƙasa, dum, dum, a hankali, kamar ana juya ruwa mai kauri da sanda. Wata rana ta ga yatsansa na shida ya yi shuɗi. Ta dirje shi da soso bai fita ba. Ta nuna wa Korau, ya yi dariya.

"Yaya, tawadar biro ce. Ƙarar kuma siminti ne, haka yake yi. Ki bar mana zakaranmu ya yi wasa."

Damina ta sauka, ƙasa ta jiƙu. Wata rana da tsakar rana, lambun ba kowa, Cindo shi kaɗai yana kewaya ƙwaryar. Tasalla tana juya waina tana jin tayarsa. Sai ƙarar ta ɗauke. Ta ɗaga kai, ba yaro. Takalmi ƙafa ɗaya kawai ke gangarowa ya hau wancan gefen, ya dawo ya hau wannan, bai rage gudu ba. Ba rami, ba jini. Shunin nan da ya ƙi wankuwa ya ɓace gaba ɗaya, siminti fari fat kamar ranar da aka zuba shi.

Ta shiga lambun tana kewaye itatuwa tana cewa "kai, kai", har mutane suka taru. Shugaban kwamiti ya zo, ya ce yaro ya gudu titi ne, kada wanda ya taɓa simintin don kayan hukuma ne. Ya shiga mota wai zai kai rahoto. Ba a sake ganinsa ba ranar nan.

Cikin 'yan'uwanta Jatau ne ya fara zuwa, da dogon sandan juya rini na kakansu wanda ya daɗe yana ɓoye a rufin shagonsa. Samari sun so su fasa wajen bututu, ya hana. Rijiyoyi da yawa ne a ƙasa, ko'ina aka ƙwanƙwasa ƙarar kogo yake yi, kuma in aka tsaya fasa wadda ba ita ba, yaro ya tafi. Ya cire takalmi ya taka simintin nan mai zafi, ya tsuguna a gaban liman da duk waɗanda suka yi masa dariya, ya buga sandan, ya yi abin da ya fi jin kunya a duniya.

"Sannu da aiki, masu gida," in ji shi. "Jikan Mai Shida ne. Ko kun ga baƙo?"

Can gefe, nesa da bututun, ruwa shuɗi ya tsattsafo ta wata siririyar tsaga. Ba don Jatau ba, da ba a san inda yaron yake ba. Tun ranar kuma ba a ƙara matsa masa wuri a sahun gaba ba.

Tanimu ya duba wurin ya gane abin da ya faru. Azarar da ke ƙasa ta ruɓe, wani falle na simintin ya juya kamar murfin tukunya, ya haɗiye yaron, ya koma ya rufe. 'Yan rodi ne kawai ke riƙe da shi, guduma ɗaya za ta aika shi kan Cindo. Samari suka taho da manyan gudumomi, sai ya kwanta a kai ya ce sai dai su fara da shi. Shi ya ɗaure rodin, shi ya san inda kowanne ya bi. Ya bi gefen yana sassaƙa a hankali, ya zura igiya. Ana cikin ɗagawa fallen ya zame, Tanimu ya cusa hannunsa na dama a ƙasa ya tare, bai cire ba sai da aka janye. Ba don Tanimu ba, da murfin ne zai kashe yaron. Hannun nan bai ƙara riƙe cokalin gini ba.

Bakin rijiyar ƙunci gare shi, ba kafaɗar da za ta shiga sai ta Korau. Aka zura fitila, kafin ta yi nisa ta mutu, kowa ya san iskar ciki ba ta mai rai ba ce. Korau ya ce a ɗaure shi ta ƙafa. Aka zura shi kai ƙasa. Ya tarar da Cindo a tsaye, rini har haɓa, ido buɗe, an lulluɓe shi da zane lulluɓi mai kyau, irin wanda mutum ba ya yi wa kansa. Ya kama hannunsa na hagu ya ja. Daga baya abin da ya faɗa ke nan: "Na ja, aka ja." Wani abu na riƙe da hannun daman. Numfashin Korau na ƙarewa, ya ce, "Kaka, ara mini shi. Za a zo maka da magana." Aka saki. Ba don Korau ba, da ana kallon yaron zai nutse. Har yau hannuwansa shuɗaye ne zuwa kafaɗa, kuma ba ya iya hawa tudu sai ya tsaya ya huta.

Cindo ya fito da rai, amma bai ƙara magana ba. Yana ci, yana barci. Sai dai kullum in rana ta take, zai miƙe ya nufi lambun, ya tsuguna a bakin rijiyar yana juya hannu kamar mai riƙe da sanda, kuma kullum yana ƙara matsawa kusa. Tasalla ta bar waina, ta koma gadinsa. Wata rana ya suɓuce mata, ta bi shi da gudu, a gaban jama'a ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba tun da ta haife shi. Bai waiga ba.

Tsofaffin matan unguwa, waɗanda sai yanzu aka ga damar tambaya, suka ce rijiyar ta ga hannun mai ita ne ta riƙe, kuma aro aka yi, aro kuwa ana mayarwa. Ba za ta haƙura ba sai an ba ta wani mai ita daga jinin Mai Shida, ya tsuguna ya yi mata magana. Mai rijiya shi ne wanda zane na ƙarshe ke hannunsa, kuma mutum ɗaya ne, ba a yanka zanen. Zanen yana wurin Tasalla, tunda a jikin ɗanta ya fito, yana sheƙi kamar jiya aka tsame shi. Ita za ta miƙa wa ɗaya daga cikin ukun, kuma abin da ya faɗa a bakin rijiyar shi ne makomar yaron da ta filin.

Jatau ya ce in an ba shi, zai sallame ta, a kwashe simintin duka, ƙasa ta huta. To amma samari za su koma bayan adaidaita, kuma shi ne ya sani ya yi shiru. Tanimu ya ce zai sallame ta, a cike kowace rijiya da dutse, a sake ginin a kan ƙasa mai ƙarfi. To amma marina ba su taɓa cike rijiya ba, ba wanda ya san yadda za ta ɗauka, kuma shi ne ya ga ruwa na ɓacewa bai tambaya ba. Korau ya ce shi ya shiga, shi ya ji, ba sallama take so ba, aiki take so. Zai buɗe ta, ya koyi rini ya riƙa tsoma mata zane, yara na wasansu a gefe. To amma rijiya za ta zauna a buɗe kusa da Cindo, kuma shi ne aka nuna wa yatsa ya yi dariya.

Kwamiti ya zagaye wurin da igiya ya yi shiru. Sunan shugaban yana nan a ƙofa. Ba wanda ya taka gidan matar nan ya ce ta yi haƙuri, kuma wannan abin kunya ne ga duk wanda ya zauna a gindin dogonyaron nan. Sai sun zo sun tsuguna a gabanta, amma wannan zaman na wata rana ne. Na yau ya fi gaggawa. Tasalla tana zaune da zane a cinyarta, ɗaya hannun riƙe da rigar ɗanta, tana kallon inuwa na gajarcewa.

To, Jatau da ya gano shi, Tanimu da ya buɗe masa, Korau da ya ɗauko shi: wa za ta miƙa wa zanen?