Binne Iri Biyu Ne

Akwai wani saurayi a Tsamaye, cikin ƙasar Sabon Birni, mai suna Kalilu, ɗan shekara goma sha shida. Abin ya faru ne a shekarun farin nan da dattawa ba sa son tunawa, lokacin da damina ta yi shekara biyu a jere tana zuwa a makare, tana tafiya da wuri.

Mahaifinsa, Malam Lawwali, manomin gero ne mai wata ɗabi'a da mutane ke yi wa dariya. Kowace kaka, kafin girbi, sai ya bi gonarsa kunya-kunya yana neman zangarniyar da ta riga sauran nuna. Ita zai yanke ya ware, ya ɗaure da kaba da wani ƙulli nasa na daban, ya rataye a saman ɗakinsa. Wannan shi ne irinsa. Ya kusa shekara ashirin yana haka.

In an ce masa gero ai gero ne, sai ya yi murmushi ya ce, "Wanda yar riga tashi shi ka riga isa."

Bayan kakar shekara ta biyu ta farin, zazzaɓi ya kama Malam Lawwali. Kwana uku kacal, Allah ya karɓi abinsa. Kalilu yana cikin waɗanda suka tura ƙasa da hannunsu a maƙabarta.

Tun daga ranar yaron ya zama wani daban. Ya daina zuwa dandali, ya daina kokawa da tsaransa, shi da ba a raba shi da fili. In ya idar da salla sai ya shige ɗakin mahaifinsa, ya zauna a kan tabarmarsa yana kallon ƙananan dammuna biyar da ke rataye. Su ne abu na ƙarshe da hannun babansa ya ɗaure.

Bazara ta zo da yunwa. Gidaje da yawa sun daka irinsu sun sha fura da shi. Mahaifiyarsa, Inna Tani, ta yi ta haɗa ganyen tafasa da ɗan tsakin da ya rage, amma ba ta taɓa irin nan ba.

Da iska ta fara juyawa, mutane suka fara fita binne. Ga 'yan birni da ke bin wannan shafi: binne shi ne a shuka iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don duk ranar da ya sauka hatsi ya tashi ba tare da ɓata kwana ko ɗaya ba. Akwai kasada a ciki. In yayyafi kaɗan ya taɓa shi ya tsaya, irin yana iya lalacewa.

Wata safiya Inna Tani ta tsaya a ƙofar ɗakin. Ba ta kiran sunansa, saboda ɗan fari ne.

"Kai, wanga yaro. Sauko muna da irin nan in murza. Gobe binne za mu yi."

Kalmar nan ta soki ƙirjin Kalilu kamar ƙaya. Ba gona ya gani ba, ramin nan ya gani, da ƙasar da ya tura.

"Inna, ba ni iyawa."

"Mi ab ba ka iyawa?"

"Na binne Baba. Yanzu kuma in binne abin da yab bari? In ruwa bai zo ba hwa? Shi ke nan ba ni da komi nashi."

Inna Tani ta juya. Ta koma madafi tana share ido da bakin zane. Ta san ƙwace irin ba wuya ba ne, amma ba irin kaɗai take son cetowa ba.

Aka yi kwana huɗu. Maƙwabta suna ta binne da ɗan abin da suka samu, gonar Malam Lawwali tana nan fayau.

Rana ta biyar sai ga Baffa Yero. Bafulatani ne, aminin marigayin tun suna samari. Kowane rani a gonar Malam Lawwali yake sauke shanunsa, su ci kara su bar taki. Farin ya cinye masa fiye da rabin garke, ya zo sallama ne kafin ya tashi da sauran. Inna Tani ta yi masa bayani a zaure.

Ya leƙa ɗakin da sandarsa a kafaɗa. "Assalamu alaikum, ɗan Kaɗo. An ce mini ka zama makiyayi, kana kiwon dammuna. Sun haihu?"

Kalilu ya gaishe shi, bai yi dariya ba.

Baffa Yero bai ce a sauko da komai ba. Ya ɗaga sanda ya ɗan bugi dami ɗaya a hankali. Sai wani farin gari ya zubo a kan tabarma, har da 'yan ƙwari biyu suna gudu.

"Taɓa ka ji," ya ce.

Kalilu ya shafa garin da yatsa.

"Kai kana tsaronai daga ƙasa, su suna ci nai daga sama," in ji Baffa Yero. "Ka ba su wata shekara guda, kaba kaɗai za ka iske. Sobajona, abokina na rai da rai, bai yi shekara ashirin yana zaɓen wanga iri don ƙwari su yi walima ba."

"Baffa, kalmar ce ba ni son ji."

Dattijon ya jingine sanda ya zauna kusa da shi.

"Ni ma ina wurin rannan, ai ka gan ni. Amma ku Haɓe, duk da dai ba ku iya nono ba, kun iya magana. Kun kira na maƙabarta binne, kun kira na gona binne. Kana zaton kuskure na? Wanda yas sa sunan ya san abin da yaka yi. Duka biyun ajiya ta wurin Allah. Duka biyun ba a sa su ƙasa don su ɓace, sai don su tashi in lokaci ya yi. Guda tashinai kusa, guda sai ranar da Ubangiji yan nuhwa."

Nan Kalilu ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da bai yi ba tun ranar jana'iza. Baffa Yero bai hana shi ba. Da ya lafa, yaron ya miƙe da kansa ya kwance dammunan.

"Huɗu za ni binnewa, Baffa. Guda in shanya shi rana in aje, ko da ta ɓaci."

"To, ga Lawwali ya dawo! Shi ma haka ya cika lissahi."

Washegari da sassafe suka fita. Kalilu na gaba da sungumin babansa yana sara, Inna Tani na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ramin farko ya tuna masa da maƙabarta. Sai ya sami abin yi: duk sara ɗaya, ya ce a ransa, "Allah ka jiƙan Baba." Kafin rana ta take, shi kansa bai san adadin addu'ar da ya yi ba.

Aka shiga jira. Kwana shida babu komai. Rana ta bakwai aka yi ɗan yayyafi wanda ko ƙura bai kashe ba, Kalilu ya je ya tona rami ɗaya ya ga irin lafiya lau, ya mayar. Abin mamaki, a kwanakin nan ne ya koma cin abinci sosai, har aka gan shi a dandali.

Rana ta goma sha ɗaya, bayan la'asar, gabas ta haɗe. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwana uku bayan haka gonar ta yi layi-layi da tsiro.

Daminar wannan shekarar ma ba ta cika alkawari ba, ta ɗauke da wuri kamar 'yan uwanta. Gero da yawa ya tsaya da ciki bai fitar da kai ba. Amma irin Malam Lawwali, wanda aka yi shekara ashirin ana koya wa sauri, ya riga ya nuna. Ba a cika rumbu ba, amma an samu abin da zai kai su.

Kafin girbi aka ga Kalilu yana bin gona kunya-kunya, yana yanke zangarniyar da ta riga nuna. Wannan karon babu mai dariya. Waɗanda suka yi wa babansa ba'a su ne suka zo neman iri, shi kuwa bai hana kowa ba. Kafin shekara ta zagayo, in manomi ya tambayi ɗan uwansa me ya shuka, sai ka ji ya ce, "Ɗan Lawwali na sa bana."

Ranar da ya kawo tumun farko gida, Inna Tani ta gasa, suka zauna a inuwa suna murzawa suna ci. Ta ga sababbin dammunan da ya ɗaure, ta duba ƙullin kabar, ta daɗe tana kallo.

"Wanga yaro, wa ya koya maka ƙullin ga?"

"Wata bakwai ina kallonai, Inna. Ko jaki na ai ya iya."

Ta yi dariya har da hawaye. Ya ware mata zangarniya mafi kyau, ya ajiye wata ta Baffa Yero.

Darasi: Kuka a kan iyaye ba laifi ba ne, kuma zuciya ba ta warkewa da tsawa, sai da haƙuri da mai faɗa maka gaskiya cikin taushi. Amma abin alherin da iyayenka suka bari, ko ilimi ne, ko sana'a, ko zumunci, ba a riƙe shi ta hanyar rataye shi ana kallo. Shuka shi ake yi, ya tsiro, wasu su amfana, ladan ya iske su inda suke. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu. Ka tura wannan labari ga wani maraya ko mai jimami da ka sani, wataƙila yau ce ranar da zai sauko da nasa irin.