Filin Waziri da Filin Nomau

An ruwaito daga magabata cewa ƙasa ba ta ƙarya. Da rani dai ba ta cika faɗin gaskiya duka ba.

An ce a garin Kurmin Ɗorawa an yi wani falke, Nomau, wanda Sarki ya so ya zaunar kusa da shi. Sarki ya ware filaye biyu, ɗaya kore shar a gangare, ɗaya tudun tsakuwa mai gawo guda. Ya ce Nomau ya fara zaɓa, ragowar na Waziri Cindo.

Nomau ya zagaya koren ya ji daɗi, har ya fara auna inda zai dasa lemo. Sai ya ga busasshiyar laka a jikin bishiyoyi, daidai ƙugunsa. Ya koma fada ya faɗi.

"Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri zuwa damina."

Waziri ya ce, "Kyautar Sarki ce za ka ɗanɗana kamar goron kasuwa?"

Nomau ya ga filin da ransa duk suna rawa.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kakana ya taɓa sayen fili da rani. Mai filin ya rantse shekara arba'in ruwa bai taɓa shiga ɗakinsa ba. Gaskiya ya faɗa, don bai taɓa gina ɗaki a wurin ba."

Sarki ya yi dariya. Waziri kuwa ya ce tunda baƙo na jin tsoro, shi zai ɗauke masa nauyin koren, saboda zumunci.

Nomau ya karɓi tudun. Da ruwa ya sauka ya fita da malafa yana bin inda yake gudu, ya tare shi da kunyar ƙasa, ya haƙa rami a inda yake taruwa, ya dasa lemonsa a gefen. Bayan shekara uku Sarki na aikowa a tsinko masa, daga baya ya ɗora shi a kan rabon filayen gari.

Masu hikima suka ce a tambayi fili sau biyu, da rani da damina, kafin a kira magini.

Waziri bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. A daminar farko an kama tarwaɗa goma sha ɗaya a zaurensa.