Turakun da Kefas ya tuge

Akwai wani manomi a Dabai mai suna Kefas, mutum ne da bai cika yarda da kowa ba. Da aka soma raɗe-raɗin cewa wani kamfani zai shimfiɗa layin dogo ta wajensu, sai barci ya ƙaurace masa, don a gonarsa kabarin mahaifinsa yake.

Wata safiya ya tarar an kafa fararen turaku kewaye da gonar. Aka ce masa an ga maƙwabcinsa Lukuman yana zagayawa da wata mata mai hular kwano.

Kefas ya tare shi a hanya. "Kai ka nuna musu gonata ko?"

"Ni ne. Ka tsaya ka ji dalili."

"Me suka ba ka?"

Bai jira amsa ba. Ya tuge turakun kaf, ya ƙone su, ya hana iyalinsa gaida gidan Lukuman.

Dawa ta fara fitar da kai lokacin da katafilar kamfanin ta iso. Direban bai ga alamar komai ba, ya kutsa cikin gonar. Kefas yana kasuwa a Zuru. Lukuman ne ya sheƙo ya tsaya gaban katafilar, ya ƙi motsawa, ya kira matar nan a waya.

Monica sunanta, jami'ar gwamnati ce mai sa ido kan aikin kamfanin. Tare suka iso da Kefas, wanda labari ya riske shi a kasuwa, ƙafarsa ba takalmi.

Ta ce, "Baba, da can layi ake ja, a bi ta kan kowa. Yanzu mu muke shata wa kamfani inda ba zai taɓa ba. Maƙwabcinka ne ya gaya mini akwai kabari, shi ya sa na kewaye gonar. Ina turakuna?"

Kefas ya sunkuyar da kai.

Kabarin ya tsira, amma rabin dawar ta tafi. Kefas ya dubi Lukuman, ya fara ba shi haƙuri.

Lukuman ya ce, "Bari kawai. Zo mu ɗaga karan dawar da bai karye ba."

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka bari ya gama maganarsa. Zargi yakan sa ka rushe katangar da aka gina don kare ka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana gaba da mai son shi da alheri.