Manomi da Surin Gonarsa

Akwai wani manomi da yake da suri a tsakiyar gonarsa, kullum sai ya zage shi don ya cinye masa wurin kunyar shuka. Da rani ya ɗauki diga ya ce yau sai ya ga bayansa. Ya sara, ya sara, ƙota ta karye, suri ko gezau. Ya koma gida yana cewa Allah bai taimake shi ba.

Damina ta yi tsakiya, rumbunsa ya ƙare, dawa kuwa ba ta nuna ba. 'Ya'yansa suka kwana da ruwan kunu kawai. Aka yi ruwa mai tsawa har gari ya waye. Da sassafe ya ɗauki digar da ya sa wa sabuwar ƙota, ya ce, "Yanzu ƙasa ta yi laushi, bari in huce haushina a kan surin nan."

Da ya isa, ga shi kuwa, suri ya yi fari fat da naman kaza. Ba laimar kwaɗi mai kisa ba, na ci, mai doguwar jijiya, irin wanda ba ya fitowa sai a gidan gara, bayan ruwa mai ƙarfi. In rana ta take, tsutsa ta riga ka. Ku tambaye ni, ni mai ba ku labarin, ba surin da ban sani ba a ƙasar nan!

Ya ƙwala wa matarsa kira, ya kira maƙwabta, gama abin ba ya kwana.

Matar ta zo da ƙwarya ta ce, "Maigida, wannan ne abokin gabar taka?"

Ya ce, "Ai da ma na sani, shi ya sa na bar shi."

Ta ce, "Ka bar shi, ko ƙota ce ta bar ka?"

Aka yi ta dariya. Shi kuwa ya ajiye digar, ya durƙusa cikin taɓo, ya yi wa Ubangiji godiya. Ran nan ba yaron da ya yi kuka a unguwar.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, kowannenmu yana da surinsa: wani abu da muka roƙi Allah ya kawar, bai kawar ba. Muna ganin ya ƙi mu ne, alhali ya san watan yunwa, ya san inda ya ajiye mana abinci. Mun saba gode masa don abin da ya ba mu. Yau kam mu gode masa har don addu'ar da ya amsa da a'a.