Fulawar da Aka Tone da Rani

Akwai wani mutum wanda mahaifiyarsa ta rasu ta bar masa fulawa a ƙofar ɗaki, irin mai tushe kamar albasa. Da damina takan fid da farin fure mai jan layi, ƙanshinsa har waje. Da rani kuwa ganyen ya bushe ƙurmus, ba a ganin kome sai ƙasa. Shekara goma sha ɗaya tana haka.

Wata shekara mutumin zai tafi cin rani, sai ya kira wansa ya ce, "Yaya, in ka ga ta bushe kada ka taɓa ta. Hutawa take yi."

Wan ya ce, "To, na ji."

Da zafi ya tsananta, wan ya dubi wurin, ya ga busasshen ganye kwance, ga shi kuma baƙi za su zo masa. Ya ce a ransa, "Wannan ƙazanta a ƙofar ɗaki?" Ya ɗauko fartanya ya kai sara. Tushen ya rabe biyu, fari fat, ruwa na tsatsowa. Ya gani da idonsa tana da rai! Amma kunya ta kama shi, ya kwashe ya watsar a juji, ya share wurin tas.

Da ruwan fari ya sauka, ƙanen ya dawo, ya durƙusa yana duban ƙasa.

"Yaya, ina fulawar Inna?"

"Ai ta mutu."

"Ka tona ka ga ta mutu?"

Wan ya kau da kai.

"Ashe ka gani! Ko da ka sare ta, da ka mai da ita cikin ƙasa da ta yi toho. Ba fartanya ce ta kashe ta ba, Yaya, kai ne!"

To, ga ma'anar misalin, kada wani ya ce bai gane ba. Mai fulawar, shi ne Ubangiji. Fulawar kuwa ɗan'uwanka mai bi ne. Wan nan, ni ne da ku.

Muna son mutum sa'ad da yake fure: yana waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, yana kan gaba a zumunta. Ran da rani ya same shi, ciwo ne, makoki ne, aiki ne ya kuɓuce, ya yi Lahadi huɗu bai zo sujada ba, sai mu taɓe baki: "Ai wane ya ja da baya." Wa ya taka ƙafa ya je gidansa? Har mukan haɗu da shi a kasuwa, mu ga hawaye a idonsa, mu san bangaskiyarsa tana nan, mu kau da kai don kada mu ce mun yi kuskure. Haba, jama'a!

Ubangiji ajiya ya ba mu, bai sa mu shara ba. Kowa a nan ya san wanda ya watsar. Yau, kafin ka ci abincin rana, je ka ɗauko shi.